Muryar mutum ɗaya a gaban makaɗa saba'in

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, don Allah ka ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya daɗe a cikina. Na san da zarar wasu sun ga inda na dosa zasu ce to ina ruwan biri da gada, mu da muke fama da tsadar masara wa yake ta waƙar Turawa. Na yarda, amma a yi haƙuri a bi ni a hankali, don ni ma ba nemanta na fita yi ba, a wajen aiki ta same ni.

Ina zaune a Manchester ta ƙasar Ingila, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kuma yawanci aikin dare nake yi. Akwai wani dattijo da na kula dashi kusan shekara uku, ya haura 90, mantuwa ta cinye shi har 'yarsa ta cikinsa in ta zo sai ya tambaye ta ko ita ce sabuwar nas. Baba nake ce masa, ya kuwa saba yana amsawa. Baya barci da daddare, wajen ƙarfe biyu zaka ji yana buga sandarsa a jikin gado, in na shiga sai ya nuna min wata 'yar rediyo mai cin faifai dake kan durowa. Faifai ɗaya ne kullum. Muryar namiji guda ce da fiyano, shikenan, babu ganga babu 'yan amshi. Da farko ina saka masa ne kawai don ya natsu in samu in rubuta rahoton dare, sai wata rana ina gyara masa bargo na ga bakinsa yana motsi yana bin waƙar kalma bayan kalma, mutumin da bai san ko ya ci abincin dare ko bai ci ba. Da aka zo waƙa ta shida ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ɗaya hannun ya riƙe min bakin riga wai kar in motsa. Mawaƙin yana yin ƙasa da murya kamar mai raɗa, sai ya ɗaga ta da ƙarfi, ya sake yin ƙasa, ya sake ɗagawa, har sau huɗu. Da aka gama Baba ya share ido da bayan hannu ya juya ya yi barcinsa.

Ranar Lahadi da 'yarsa ta zo na ce mata Madam wace waƙa ce wannan da take sa Baba hawaye? Ta zauna ta warware min. Ashe hira ce tsakanin mamaci da amininsa da ya bari a duniya. Mamacin ne mai raɗa, daga kabari yake tambaya, ko dawakina suna nan suna huɗa a gona? Aminin ya ce suna nan, babu abinda ya canza duk da kai kana kwance ƙarƙashin ƙasar da ka saba nomewa. Ya ce samari suna buga ƙwallo a bakin kogi? Ya ce suna bugawa. Ya ce yarinyar da na bari fa, ta daina kuka? Ya ce ta daina, hankalinta kwance, kai dai ka yi barcinka. A ƙarshe ya ce to kai fa abokina, kana lafiya, ka samu makwanci mai kyau? Nan ne aminin ya ce lafiya lau yake, budurwar wani mamaci ce yake faranta wa rai, kar dai a tambaye shi ta wane ne. Wallahi Malam Edita da ta kai nan sai da tsigar jikina ta tashi. Mutum ɗaya ne yake yin muryoyin nan biyu, kuma fiyanon da ke bin sa bai fi 'yan bugu kaɗan ba a kowane baiti, ya buga ya yi shiru ya bar muryar ita kaɗai a fili.

Bari in ɗan yi bayanin irin wannan waƙa don a gane inda rigimar take. Su a wajensu aikin mutum uku ne. Akwai sha'iri da ya rubuta baitoci a littafi, shi ba ruwansa da kiɗa. Akwai mai tsara kiɗa da zai ɗauki baitocin ya yi musu kari ya rubuta shi a takarda da rubutun kiɗa, har inda za a ja numfashi da inda za a yi ƙasa da murya duk a rubuce. Sannan akwai mawaƙi da zai zo ya rera, wataƙila bayan shekara ɗari. Kuma in na ce fiyano kar a ɗauka kibod ɗin sutudiyo nake nufi wanda yaranmu ke danna maɓalli ya fito da kalangu da algaita, a'a, wani ƙaton akwatin katako ne mai maɓallai 88, a cikinsa tsirkiyoyin ƙarfe ne da 'yan guduma ke bugawa, ba wuta ba lasifika. Muryar maza kuma sun kasa ta uku, akwai teno mai hawa can sama, akwai bes mai kauri kamar daga cikin rijiya, sai bariton a tsakiya. Ita bariton ɗin ita ta fi kusa da yadda yawancin maza ke magana, shi yasa in ana waƙar manomi ko soja ko matuƙin jirgin ruwa ko matafiyi sai ka ji kamar mutumin ne da kansa ya zauna kusa da kai yana baka labarinsa.

Baitocin mamacin nan wani malamin jami'a ne ya rubuta su, A. E. Housman, a littafinsa A Shropshire Lad da ya fito a 1896, waƙoƙi 63 ne a ciki, yawancinsu a kan samarin ƙauye da ƙuruciya da mutuwar wuri. Wanda ya yi musu karin da Baba ke so shine George Butterworth, an haife shi a 1885, ya ɗauki guda shida a 1911 ya ƙara biyar a 1912. Ta biyar a cikin shidan tana maganar ɗaruruwan samari da ke shigowa kasuwar garin Ludlow ranar baje koli, mawaƙin yana kallonsu yana cewa ina ma akwai alamar da za a gane waɗanda ba zasu tsufa ba a cikinsu. Shekara uku da rubuta wannan kari yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke, Butterworth ya shiga soja, kafin ya tafi ya lalata da yawa daga rubuce-rubucensa da yake ganin basu kai ba. A ranar 5 ga Agusta 1916 aka harbe shi a kusa da ƙauyen Pozières a yaƙin Somme a Faransa, yana da shekara 31. Ba a sake gano gawarsa ba, sunansa kawai ke jikin ginin tunawa na Thiepval tare da sunaye sama da 72,000 na waɗanda suka ɓata kamarsa. A ranar farko kaɗai ta wannan yaƙi na Somme, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. 'Yar Baba ta ce min ƙanin mahaifinsa ma ya tafi yaƙin bai dawo ba. To ka ga waƙar ba wasa bace a wajensu.

Yanzu ga abinda ya sa na ɗauki biro. Wata rana 'yar tasa ta zo da sabon faifai tana murna, ta ce waƙoƙin Baba ne amma an sake musu riga, an ɗauke fiyano an sa okestira. Okestira ita ce babbar ƙungiyar makaɗa ta Turawa, mutum sittin, saba'in, har tamanin da wani abu, masu goge manya da ƙanana su suka fi yawa, ga masu sarewa, ga masu obo wadda 'yar uwar algaitarmu ce, ga masu ƙaho na tagulla, ga tambura a baya, da jagora ɗaya a gaba yana basu hannu da 'yar sanda. Faifan ya fito a 2022, mawaƙin Roderick Williams ne, kuma shi da kansa ya zauna ya rarraba kiɗan fiyanon ga makaɗan, ƙungiyar kuwa ita ce Hallé ta nan Manchester wadda aka kafa tun 1858, jagoranta a lokacin Mark Elder. Gaskiya raina bai so ba. Na ce a zuciyata mutum ya mutu a fagen yaƙi, ya bar waƙarsa yadda yake so, murya da fiyano, wa ya baka izinin ka tara mata mutum saba'in? Kamar ka ɗauki mai kuntigi da ya saba zama shi kaɗai da ɗan kayan kiɗansa, maganarsa na fita tar, ka jibga masa makaɗan fada gaba ɗaya a bayansa ka ce ka gyara. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Kuma tsorona yana da dalili, don na taɓa gani da idona. Na taɓa biyan kuɗin tikiti na shiga wani ɗakin taro a wani ƙaramin gari, bariton ne zai yi waƙa da makaɗa. A irin wannan waƙa babu makirfo, da ƙirjinsa kawai mutum zai cika ɗakin. Ina zaune a sama ina kallon bawan Allah yana buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, fuskarsa ta yi ja, amma in masu ƙaho suka shigo ko kalma ɗaya bana ji. Matar da ke kusa dani sai bin takardar baitocin take da yatsa tana girgiza kai. Daga baya na fahimci dalili. Muryar mace mai tashi sama ko ta teno tana hayewa kan makaɗa ta yi iyo a samansu, amma bariton yana zaune ne daidai inda babban gogen da suke kira celo yake, da matsakaicin goge biyola, da ƙaho, da wani abin busa mai kaurin murya da suke kira basun, dukkansu a hawa ɗaya suke da shi. In mai rarraba kiɗan bai san aikinsa ba ya tara su a wuri guda to sun haɗiye mawaƙin kenan, kamar mutum yana maka magana a tsakiyar tashar mota. Sannan ga maganar numfashi. Mai fiyano mutum ɗaya ne, yana jin sanda mawaƙi ya ja numfashi, in ya ɗan jinkirta a kan wata kalma shi ma sai ya jira shi, kamar abokai biyu da suka saba tafiya tare. Mutum saba'in kuwa ba zasu iya juyawa nan take ba, sai jagora ya gani ya basu hannu. Babbar mota ba ta shan kwana kamar keke.

To me yasa ake yi? Na yi ta tambayar kaina, na yi ta karantawa a 'yan takardun da ke cikin faya-fayan, na saurari hirarraki a rediyo in na taso aiki da asuba. Dalili na farko na fili ne, wato wurin zama. Waƙar murya da fiyano a ƙaramin ɗaki ake yinta, kamar Wigmore Hall na Landan da ke cin mutum wajen 550. Gidan da Hallé ke wasa a nan Manchester, Bridgewater Hall, yana cin sama da 2,000, Royal Albert Hall kuwa sama da 5,000. Jama'ar da ke zuwa jin okestira da yawansu ba zasu taɓa taka ƙafa a ƙaramin ɗakin waƙa ba, in ba a kai musu waƙar inda suke ba sai su mutu basu ji ta ba. Dalili na biyu shi ya fi kama ni. Fiyano abin bugu ne, da zarar guduma ta taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa kenan, ba yadda za a yi ka ƙara masa ƙarfi bayan ka buga. Amma mai goge zai iya riƙe sauti ɗaya ya ja shi, ya fara shi siriri ya kumbura shi ya sake mayar dashi siriri, mai busa ma haka. Akwai wuraren da mai tsara kiɗa ya rubuta dogon sauti a fiyano alhali kunnen zuciyarsa goge yake ji, fiyanon kwatance kawai yake yi. In aka bai wa masu goge wurin sai ka ji abinda mutumin yake nufi tun farko.

Sai kuma na gano ashe ba sabon abu bane, su masu waƙoƙin da kansu sun yi. Ralph Vaughan Williams, wanda aminin Butterworth ne, tare suka riƙa yawo ƙauyuka suna rubuta waƙoƙin gargajiya daga bakin tsofaffi, ya yi jerin waƙoƙin matafiyi mai suna Songs of Travel a kan baitocin Robert Louis Stevenson a farkon shekarun 1900. Da fiyano ya fara rubuta su, sannan shi da hannunsa ya mayar da guda uku na okestira, ta ɗaya da ta uku da ta takwas. Ya rasu a 1958, aka samu ta tara a cikin takardunsa bayan rasuwarsa, sai mataimakinsa Roy Douglas da ya yi shekaru yana gyara masa rubutun kiɗa ya ƙarasa sauran shidan, kuma bai ƙara kayan kiɗan da maigidansa bai sa ba. Wannan ita ce amana a ganina, yaron gida da ya san hannun maigidansa ya ƙarasa ɗinkin da zare iri ɗaya. Thomas Allen ya rera su haka da makaɗan Birmingham ƙarƙashin Simon Rattle, duk wanda ke da data ya nema ya ji ta farkon, ta ɗan yawon duniya da baya neman komai sai sama a kansa da hanya a gabansa. A fiyano hannun hagu ne ke yin takun ƙafarsa, tim tim tim, in manyan goge suka ɗauki takun nan sai ka ji nauyin takalmin a ƙirjinka. Gerald Finzi ma haka, ya yi waƙoƙi biyar a kan baitocin Shakespeare aka fara rera su a Landan ranar 12 ga Oktoba 1942, ranar da Vaughan Williams ya cika shekara 70, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma shi da kansa ya yi musu tsarin masu goge zalla. Ivor Gurney ya rubuta wasu waƙoƙinsa a ramukan yaƙi a Faransa, abokinsa Herbert Howells ne ya yi wa biyu daga ciki rigar okestira.

Shi kansa Butterworth fa? Nan ne hujjata ta farko ta yi rauni. Waƙar farko a cikin shidan nan tana maganar saurayi ɗan shekara ashirin da ke kallon itacen ceri ya yi fure fari fat, yana lissafi cewa a cikin shekara saba'in ɗin da aka ɗebar masa ashirin sun tafi, saura hamsin, kuma hamsin sun yi kaɗan a ƙoshi da kallon fure. Butterworth ya ɗauki karin wannan waƙa ya gina wani kiɗa na okestira zalla ba murya a kansa, aka fara kaɗa shi a garin Leeds a 1913 ƙarƙashin Arthur Nikisch. Kenan shi da kansa ya ji makaɗa a cikin waƙar, ya ma nuna irin launin da yake so. Wanda zai yi wa waƙoƙin riga yau ba a duhu yake lalube ba, mamacin ya bar masa samfur.

Abinda ya sa na sauko game da faifan 2022 shine wanda ya yi aikin. Roderick Williams an haife shi a Landan a 1965, mahaifinsa ɗan Wales mahaifiyarsa 'yar Jamaika, shi ne bariton ɗin da ya yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles a 2023, kuma ya yi shekaru da yawa yana rera waɗannan waƙoƙi da fiyano kafin ya taɓa su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san kalmar da ke buƙatar a bar mata fili, ya san inda numfashinsa ke ƙarewa, ya san in ya sa ƙaho a wuri kaza kansa zai binne. Ni dai da kunnena na bi faifan daga farko har ƙarshe, Turancina ba na jami'a bane amma ban rasa kalmominsa ba, makaɗan suna buɗe masa hanya in zai yi magana su rufe in ya yi shiru. Kuma bai tsaya kan sanannu ba. Ya sa waƙar William Denis Browne da aka kashe a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915, ya sa ta Ernest Farrar, malamin Finzi, da aka kashe a 1918 ana dab da gama yaƙin. Ya sa na mata irin su Ina Boyle da Rebecca Clarke da Ruth Gipps da Madeleine Dring, waɗanda aka daɗe ana tsallake sunayensu. Waɗannan samarin da suka mutu basu samu tsawon ran da zasu yi wa waƙoƙinsu abinda Vaughan Williams ya yi wa nasa ba, shi ya kai shekara 85 yana aiki. In wani ya zo bayan shekara ɗari ya tsaya musu, ni ban ga laifinsa ba, lada ma nake gani.

Amma ban sauko gaba ɗaya ba, kuma Baba ne alƙalina. Daren da na fara saka masa sabon faifan, da aka zo waƙar teku ta John Ireland, ta mutumin da ke ƙishirwar komawa jirgin ruwa, sai Baba ya miƙe zaune ba tare da na tallafe shi ba, yana kaɗa hannu biyu kamar shine jagoran makaɗan, yana dariya. Ban taɓa ganin haka ba a shekara biyu. Waƙar ta samu iska da faɗi da fiyano bai bata ba. Da aka zo ta itacen ceri ma ya lumshe ido yana bi. Amma da aka zo ta mamaci da amininsa, ya saurara har ƙarshe, bai ɗaga yatsa ba, bai riƙe min riga ba, da ta ƙare ya nuna durowa inda tsohon faifan yake. Na canza masa. Sai da aka yi ta da fiyano sannan ya yi barci. Na daɗe ina tunanin wannan, kuma ina ganin na gane. Ba wai an ɓata ta bane, an yi ta da ladabi ƙwarai, makaɗan sun yi ƙasa sosai. Amma ƙarfin waƙar nan a kaɗaici yake. In fiyano ya buga sautin ya mutu, mamacin yana tambayarsa ne a cikin wofi, babu kowa tare dashi, kamar yadda kabari yake. In akwai makaɗa a ƙarƙashinsa, komai sanyin kiɗansu, to an raka shi, wani ya riƙe masa hannu. Wata waƙar rakiya take so, wannan kam a bar shi shi kaɗai. Wani mai sauraro zai iya jin akasin haka kuma ba zan yi masa musu ba, amma ni nan na tsaya.

Dalilin da yasa na kawo maka wannan doguwar magana Malam Edita, duk sanda na buɗe shafinku na nishaɗi a waya abinda nake tararwa shine wane ya yi faɗa da wane, wance ta fito, wane ya sayi mota. Ba na cewa a daina, masu so suna nan. Amma ban cika ganin an zauna an yi maganar yadda ake ƙera waƙa ba, me yasa wannan kiɗan ya dace da wannan baitin, me yasa wancan ya danne shi. Kuma tambayar da ta dame ni a kan Butterworth tana nan a gidanmu, don kullum ina jin yara a sutudiyo suna ɗauko waƙoƙin manyan makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya suna sake su da kibod, wani ya yi da hankali har ka ji daɗi ka gode masa don ya kai waƙar kunnen 'yan bana bakwai, wani kuwa ya cika ta da ƙara har azancin maganar ya nutse, wanda kuma don maganar aka yi waƙar tun asali. Su Turawan nan in mutum ya sake wa waƙa riga dole ya rubuta sunan mai baitoci, da sunan mai kari, da nasa sunan a matsayin wanda ya rarraba kiɗa, kuma tsohuwar tana nan a kasuwa kowa zai iya gwada su biyun ya yi hukunci. Ina roƙon ku ware ko rabin shafi ne a wata, ku nemo masana kiɗa a jami'o'inmu da tsofaffin makaɗa da masu haɗa sauti a sutudiyo su riƙa yi mana irin wannan bayani, na gida da na waje.

Baba ya rasu a hunturun da ya wuce, da asuba, ina bakin aiki. Bayan sati biyu 'yarsa ta zo kwashe kayansa, ta same ni a kicin ina haɗa shayi ta miƙo min leda, faya-fayan nan biyu ne a ciki, tsohon duk ya kakkarce. Rediyon ta bar wa gidan, yanzu tana ɗakin wata tsohuwa a hawa na biyu.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Manchester, Ingila